Duwatsun Roma: Ko Ya Halatta A Yi Ƙarya Saboda Allah?

Littafin Ayyukan Manzanni ya ƙare ba zato. Luka ya kawo Bulus ta teku har Butiyoli, ya bi da shi babbar hanyar Abiya, inda 'yan'uwa suka fito taryensa a Kasuwar Abiyus, ya shigo da shi birnin Roma, ya zaunar da shi shekara 2 cikin gidan haya tare da sojan da ke tsaronsa, sa'an nan ya ajiye alƙalami. Bai gaya mana yadda shari'ar ta ƙare gaban Kaisar ba, bai kuma faɗi ranar mutuwar Bulus ba, balle wurin. Shi ya sa da wuya aji ya kai ƙarshen sura 28 ba a sami wanda ya ɗaga hannu ya ce, "To, Malam, daga nan fa?" ba.

Birnin Roma kuwa yana da amsa a shirye. Wanda ya je can za a nuna masa ramin da aka ce an tsare Bulus da Bitrus a ciki, da wurin da aka ce an sare kan Bulus, da sawun ƙafa a kan dutse wanda aka ce na Ubangiji ne, da matakalar da aka ce Yesu ya hau a gidan Bilatus. Dubban mutane suna durƙusawa a waɗannan wurare da hawaye, waɗansunsu kuma su koma gida da sabuwar niyya ta bin Ubangiji. Tambayar da ke gabanmu ke nan: idan labari yana ƙarfafa bangaskiya, yana sa mai zunubi kuka, amma ba shi da tushe, ko ya halatta mu faɗe shi kamar abin da ya auku ne? Kada mai karatu ya ce wannan maganar Italiya ce, ba ta shafe shi ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban jama'a da Littafi a hannu ya san sha'awar nan ta ƙara wa labari gishiri domin ya shiga zuciya.

Tun daga tushe Roma da almara ta tashi. Romawa sun ce an kafa birnin a shekara ta 753 kafin haihuwar Almasihu. Wai tagwaye ne, Romulus da Remus, aka jefa cikin kogin Tiber suna jarirai, macen kyarkeci ta tsince su ta ba su mama. Da suka girma suka yi faɗa a kan ganuwa, Romulus ya kashe ɗan'uwansa, ya sa wa birnin sunansa. Siffar kyarkecin ta tagulla tana nan a tudun Kafitol, jariran da ke ƙarƙashinta kuwa a ƙarni na 15 aka ƙara su. Irin wannan zance ba baƙo ba ne ga wanda ya san labarin Bayajida da macijiyar rijiyar Kusugu a Daura. Ko wace al'umma tana da labarin asalinta, ba kuwa wanda ya rataya ceton ransa a kan kyarkeci, saboda haka mu wuce.

A bakin tsohon dandalin birnin akwai wata ƙofa ta farin dutse, tsaye ita kaɗai ba bango, ana ce da ita Ƙofar Titus. An gina ta wajen shekara ta 81 bayan haihuwar Almasihu, domin tunawa da yadda Titus ya ci Urushalima a shekara ta 70. A jikinta daga ciki an sassaƙa sojojin Roma ɗauke da ganimar haikali: ga alkuki mai rassa 7, ga teburin gurasa, ga ƙahonin busa. Yusufus, Bayahuden nan marubucin tarihi, ya rubuta yadda aka zaga da kayan nan cikin birni a bikin nasara na shekara ta 71. Mai karatu ya buɗe Luka 19:41-44 da Markus 13:1-2, ya ga yadda Ubangiji ya yi kuka a kan Urushalima, ya kuma faɗi rushewar haikali tun dutse yana kan dutse. Waɗanda suka sassaƙa ƙofar nan ba su san Yesu ba, ba su kuwa yi nufin taimakon kowa wajen ba da gaskiya ba. Fahariyar sarkinsu su ke yi. Wannan ne ya sa shaidarta ta ke da nauyi. A nan malami yana iya magana da ƙarfin murya, gama dutse da marubucin tarihi da Littafi duk bakinsu ɗaya.

Taku kaɗan daga nan sai ga Kolosiyum, ƙaton gidan kallo mai tsawon ƙafa wajen 160, wanda a ke ƙiyasta yana ɗaukar mutum 50,000. Sarki Fesfasiyan ya fara shi, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80 da wasanni na kwana 100. Daga ramukan ƙusoshi da suka ragu a jikin wani dutse nasa, wani masani ya karanto a 1995 cewa da ganimar yaƙi aka gina shi, yaƙin kuwa da ke kusa a lokacin shi ne na Yahudiya. Idan aka tambayi yawancin masu bi inda Niro ya jefa Kirista ga zakoki, sai su ce Kolosiyum. Amma Niro ya mutu a shekara ta 68, sa'ad da wurin nan tafki ne cikin lambun gidansa, ba a ko aza harsashi ba. Kisan da ya yi gaskiya ne. Tasitus, Barome wanda ba ya ƙaunar Kirista ko kaɗan, ya rubuta cewa bayan gobarar da ta ci birnin a watan Yuli na shekara ta 64, Niro ya ɗora wa Kirista laifi, aka lulluɓe waɗansu da fatun namomin jeji karnuka suka yayyage su, aka giciye waɗansu, aka cinna wa waɗansu wuta da dare a maimakon fitilu. Sai dai a lambunan Niro aka yi wannan, wajen tudun Fatikan, a hayin kogi. Game da Kolosiyum kansa, wani malamin Katolika na ƙasar Beljiyam, Delehaye, ya bincike tsofaffin labarun shahidai a ƙarshen ƙarni na 19, bai sami tabbatacciyar shaida ta zamanin da ba cewa an kashe wane ko wane a ciki saboda sunan Almasihu. Yana yiwuwa an yi. An kawo Ignatiyus na Antakiya Roma a zamanin Sarki Tarajan domin a ba namomin jeji, wasiƙunsa 7 da ya rubuta a hanya suna nan har yau. Amma "yana yiwuwa" dabam, "haka aka yi" dabam.

Ga wani abu kuma da ya kamata mu riƙe a zuciya, gama zai dawo mana. Bayan girgizar ƙasa ta 1349 ta rushe gefe guda na ginin, sai mutanen Roma suka mai da shi wurin ɗiban dutse, suna gina gidajen manya da majami'u da shi. A 1749 Paparoma Benedik na 14 ya keɓe wurin domin tunawa da shahidai, daga nan ɗiban dutse ya tsaya. Watau labarin da ba shi da tabbas shi ne ya ceci ginin.

Sauran wuraren mu bi su da sauri. Kurkukun Mamatin tsohon rami ne na gaske, inda Romawa su kan ajiye manyan maƙiyansu kafin su kashe su. An ce Bitrus da Bulus sun zauna ciki, wai marmaro ya ɓullo daga ƙasa domin su yi wa masu tsaronsu baftisma. Ruwan yana nan, amma ya riga manzanni da ɗaruruwan shekaru, labarin kuwa bai bayyana a rubuce ba sai bayan ƙarnuka. A kudancin birni akwai wurin da a ke kira Marmaro Uku, wai da aka sare kan Bulus ya yi tsalle sau 3, ko ina ya taɓa ƙasa ruwa ya ɓullo. Wannan ba ya bukatar dogon bincike.

Wanda ya fi su duka kama zuciya yana bakin hanyar Abiya, hanyar nan da Bulus ya shigo ta kanta. Wani littafi da aka rubuta wajen ƙarshen ƙarni na 2, mai suna Ayyukan Bitrus, wanda ikkilisiya ba ta karɓa cikin Littafi Mai Tsarki ba, ya ce 'yan'uwa sun matsa wa Bitrus ya gudu daga Roma sa'ad da a ke neman ransa. Yana fita daga birni sai ya ga Ubangiji yana shiga. Ya tambaye shi inda za shi, Ubangiji ya amsa masa cewa cikin birnin zai shiga a sāke giciye shi. Bitrus ya gane, ya juya, ya koma ya mutu. An gina ƙaramar majami'a a wurin, a tsakiyarta kuwa akwai dutse mai sawun ƙafa biyu, an ce nan Ubangiji ya tsaya.

Bari mu ba masu kāre almara hakkinsu, gama hujjarsu ba ta wasa ba ce. Za su ce: wa ya ji labarin nan na Bitrus bai ji kunyar gudunsa ba? Makiyayi nawa ne suka tsaya tare da garkensu cikin tsanani saboda sun tuna da shi? Bai saɓa wa Littafi ba. Ya yi daidai da halin Bitrus wanda ya taɓa musun Ubangijinsa, ya yi daidai da tambayar da ya yi a Yohanna 13:36, da abin da aka faɗa masa game da mutuwarsa a Yohanna 21:18-19. Za su ƙara da cewa annabi Natan da labarin 'yar tunkiya ya kama Dauda, tunkiyar kuwa ba ta taɓa rayuwa ba. Yotam ya sa itatuwa sun yi shawarar naɗin sarki a Alƙalawa sura 9. Ubangiji da kansa ya koyar da misalai. Idan ƙirƙiren labari ya dace da bakin Yesu, don me zai ƙazantu a bakinmu? Ga shi ma almara ta ceci Kolosiyum. Ashe ba da 'ya'yansa a ke sanin itace ba?

Amsarmu tana cikin wani abu da ko wane yaro ya sani. Idan tsohuwa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku," yara suka amsa, an riga an ƙulla yarjejeniya tsakanin mai faɗi da masu ji: abin da zai biyo tatsuniya ce. A ƙarshe ma sai ta ce ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Ba wanda ya ke kiranta maƙaryaciya, ba kuwa yaron da ya ke tashi da safe ya je neman gidan Ƙoƙi. Misalan Ubangiji haka su ke. Masu bishara suna faɗi a sarari cewa misali ya buga musu, ba wanda ya je neman masaukin da Basamariye ya kai mai rauni domin ya tabbatar da maganar. Natan ma bai bar Dauda cikin ruɗu ba, nan take ya buɗe masa cewa shi ne mutumin. Ƙarya ba ta cikin ƙirƙirar labari. Tana cikin sa wa mutum ya gaskata cewa abu ya auku alhali mai faɗi ya san bai auku ba, ko kuwa ya san ba shi da hanyar sani. Labarin Bitrus a bakin hanya, in aka faɗe shi a kan cewa zance ne da masu bi na dā suka riƙa yi, ba laifi, har da amfani. Amma ran da aka kawo dutse aka ce ga sawun, ran nan an bar tatsuniya an shiga shaidar zur. Masana sun nuna cewa dutsen irin wanda arnan Roma su kan ajiye wa allolinsu ne domin godiya in sun dawo daga tafiya lafiya. Wanda ke cikin majami'ar ma kwafi ne, na asalin yana wata majami'a gaba kaɗan. Mutum ya durƙusa ya sumbaci sadakar gunki yana tsammani sawun Mai Cetonsa ne. Niyyarsa tsarkakakkiya ce, mun yarda, amma wani ya ci amanarsa.

Zancen 'ya'yan itace kuwa, sai a jira kaka kafin a yi hukunci. A wata majami'a kusa da Kolosiyum akwai zane-zane na shekara ta 1246 masu nuna yadda wai Sarki Konstantin ya kamu da kuturta, Paparoma Silbesta ya yi masa baftisma ya warke. Labari mai daɗin ji, mai ɗaukaka ikon Allah, wa zai ce yana da lahani? Amma tarihi ya nuna an yi wa Konstantin baftisma ne a shekara ta 337, yana bakin mutuwa, kusa da Nikomidiya a ƙasar da yau ta ke cikin Turkiyya, bayan Silbesta ya riga ya rasu. A kan wannan almara aka gina wata takardar jabu a ƙarni na 8, wadda ta ce saboda godiya Konstantin ya ba Paparoma mulkin Roma da Italiya da ƙasashen yamma. Shekaru ɗaruruwa ana kafa hujja da ita cikin jayayya da sarakuna, har a 1054 aka jawo ta cikin gardamar da ta raba ikkilisiyar gabas da ta yamma. Sai a 1440 Lorenzo Valla, shi ma ɗan Katolika ne, ya tona asirinta, ya nuna kalmomin da ke ciki ba na zamanin Konstantin ba ne. Wanda ya fara ba da labarin kuturtar, wataƙila bai nufi kome ba sai yabon Allah. Ƙarya fure ta ke yi, an ce, ba ta 'ya'ya; amma wannan ta yi, masu ɗaci kuwa.

Littafi bai bar mu cikin duhu a kan wannan ba, abin mamaki kuwa, ga mutanen Roma ɗin nan aka rubuta amsar. A Romawa 3:7-8 Bulus ya ɗauko wannan hujja sak, ta mutumin da ke cewa ƙaryarsa ta ƙara wa gaskiyar Allah ɗaukaka, saboda haka don me za a hukunta shi. Ya haɗa ta da ta masu cewa a yi mugunta domin nagarta ta fito, ya ce hukuncinsu daidai ne. Tun kafin wannan Ayuba ya tsauta wa abokansa a sura 13, aya 7 zuwa 10. Su Allah su ke kārewa, maganarsu ta ibada ce, amma domin su wanke Allah sai suka ƙaga wa Ayuba laifin da bai yi ba. Ayuba ya tambaye su ko Allah yana bukatar a yi ƙarya dominsa, a ƙarshen littafin kuwa Allah ya ce fushinsa a kansu ya ke. Akwai kuma wani ɗan wuri da a kan wuce ba a lura ba, Yohanna 21:23. Jita-jita ta bazu cikin 'yan'uwa cewa almajirin nan ba zai mutu ba. Magana ce mai daɗi, mai girmama manzo, ta kuwa samo asali daga kalmar Ubangiji da aka ji a karkace. Mai bisharar bai bar ta ba. Ya tsaya ya gyara, ya faɗi abin da Yesu ya ce da abin da bai ce ba. Ikkilisiya ta fari ta bi wannan sawu. Tartuliyan na Kartaji, wajen shekara ta 200, ya ba da labarin wani dattijon ikkilisiya a Asiya wanda ya ƙaga littafin ayyukan Bulus. Da aka kama shi ya ce saboda ƙaunar Bulus ya yi, duk da haka ya rasa matsayinsa.

Dalilin wannan tsanani ba boyayye ba ne. Addinin da ya tsaya a kan kyawawan koyarwa kaɗai yana iya jure almara, gama ko labarin bai auku ba koyarwar tana nan. Bangaskiyarmu kuwa a kan abin da ya auku ta ke tsaye, a zamanin Bilatus, a wajen ganuwar Urushalima, a gaban shaidu. Bulus ya gaya wa Korintiyawa a wasiƙarsa ta fari, sura 15, cewa in Almasihu bai tashi ba, wa'azi banza ne, manzanni kuma shaidun ƙarya ne. Bitrus ta Biyu 1:16 ta raba shaidar ido da tatsuniyoyin da aka tsara da wayo. To, mai shaida jarinsa ɗaya ne, watau a yarda da bakinsa. Ɗan ajin da ya ji kabari wofi da kan Bulus mai tsalle daga baki guda, da murya guda, ran da ya gane ɗaya ƙage ne, me zai hana shi ya ce duka kanwar ja ce? Malamin ya sayi hawayen yini ɗaya da amincin da zai bukata duk ransa.

Laifi tudu ne, in ji masu iya magana. Kada wanda ya ke bin gyaran Luta ya karanta wannan yana murmushi, gama matakalar Bilatus tana da almara biyu, ɗaya ta ɓangarensa ce. Matakai 28 ne na farin dutse, an ce Helena uwar Konstantin ta kawo su daga Urushalima, da gwiwa a ke hawansu. Martin Luta ya hau su sa'ad da ya je Roma wajen 1510 ko 1511. Littattafai da yawa na Furotesta sun ce yana tsakiyar hawa sai maganar Romawa 1:17 ta faɗo masa kamar tsawa, ya miƙe tsaye ya sauka, gyaran ikkilisiya ya fara daga nan. Tushen wannan shi ne ɗansa, wanda ya ce ya ji daga ubansa yana yaro ɗan shekara 11, bai kuwa rubuta ba sai bayan shekaru da dama. Luta da kansa, cikin wa'azin da ya yi a 1545, wani abu dabam ya faɗa: ya hau har sama yana Addu'ar Ubangiji a ko wane mataki domin ya fid da kakansa daga wurin tsarkakewa na bayan mutuwa, da ya kai ƙarshe sai shakka ta kama shi ko abin nan gaskiya ne. Fahimtar ayar sai bayan shekaru ta zo masa, a kan teburin karatu. Labarin farko ya fi daɗin wa'azi nesa ba kusa ba. Na biyu shi ne wanda mutumin ya faɗa da bakinsa, a ganinmu kuma ya fi amfani ga ɗan aji wanda shi ma haske bai zo masa kamar tsawa ba. Haka nan mai ba da shaidar tubarsa wanda ko wace shekara zunubansa na dā su ke ƙara girma, da mai rubuta rahoto wanda ya ƙidaya 'yan kallo cikin masu tuba: su da mai sassaƙa sawun ƙafa sana'arsu ɗaya.

Akwai rami a ɗaya gefen hanyar kuma. Wani in ya gane an ruɗe shi sau ɗaya sai ya zama mai ba'a, ya watsar da kome, yana tsammani wannan shi ne ilimi. Wannan ma rashin gaskiya ne, gama ƙin shaida mai ƙarfi daidai ya ke da karɓar marar ƙarfi. Cewa Bitrus da Bulus sun mutu saboda bangaskiya a Roma yana da tushe mai kyau. Kilemen na Roma ya ambaci shan wuyarsu da mutuwarsu cikin wasiƙar da ya aika Korinti wajen shekara ta 96. Wajen shekara ta 200 wani dattijo mai suna Gayus ya ce yana iya nuna wuraren tunawa da su, ɗaya a Fatikan, ɗaya a hanyar Ostiya, a waɗannan wurare biyu kuwa manyan majami'unsu su ke tsaye. Haƙar da aka yi ƙarƙashin majami'ar Bitrus daga 1940 zuwa 1949 ta tono tsohuwar maƙabarta da ɗan ginin tunawa na ƙarni na 2. A 2009 aka sanar cewa gutsattsarin ƙashi da ke cikin akwatin dutse a majami'ar Bulus, gwaji ya nuna na mutumin ƙarni na 1 ko na 2 ne. Gwajin bai iya faɗin sunan mutumin ba. Mai gaskiya zai faɗi rabin farko, ya faɗi na biyu, ya tsaya nan.

Aikin juya Littafi ya koya mana darajar ƙananan kalmomi, Hausa kuwa tana da wata 'yar kalma wadda ta isa ta warware rabin wannan matsala, watau "wai". Harafi uku ne, amma da ita mutum ya kan sauke nauyin magana daga kansa ya mai da ita ga masu ita. "An kashe Kirista a zamanin Niro": ba wai. "Bitrus ya gamu da Ubangiji a bakin hanya": da wai. Manzanni sun san wannan ladabi. A Korintiyawa ta Fari sura 7 Bulus ya rarrabe umurnin Ubangiji da shawarar kansa, a sura 1 kuma, yana ƙidaya waɗanda ya yi wa baftisma, ya ƙara wani gida da ya tuna, sa'an nan ya ce bai tuna da wani ba kuma. Luka ya buɗe bishararsa da bayanin cewa ya bi diddigin kome daga wurin shaidun ido. Malamin da ya ji kunyar cewa "wai" gaban ajinsa, yana neman ya fi manzanni tabbaci.

Saura tambaya mai wuya, ba mu kuwa ce mun kwance ta sarai ba. Ga tsohuwa tana hawan matakalar nan da gwiwa, tana tuna wahalar Ubangijinta, tana kuka. Mu tare ta a mataki na 10 mu karanta mata tarihi? A ganinmu a'a. Ba ita ta ƙaga labarin ba, Allah kuwa zuciya ya ke dubawa. Gaskiyar da aka jefa wa mutum kamar dutse domin a nuna masa an fi shi sani, ita ma ta rasa ƙauna. Yin shiru a lokacin da bai dace da magana ba, ba ƙarya ba ne. Amma in ta sauko ta tambaye mu ko lalle Yesu ya taka waɗannan duwatsu, ba mu da izinin ce mata i, ko da za ta yi baƙin ciki. Nauyin yana kan wanda ya sani, shi ya sa Yaƙub 3:1 ya gargaɗi masu koyarwa da shari'a mafi tsanani. Akwai kuma lokacin da shiru kansa ya kan zama laifi. Macijin tagulla na gaske ne, Musa ne ya yi shi bisa ga umurnin Allah, amma da jama'a suka fara ƙona masa turare Hezekiya ya farfashe shi, aka kuwa yaba masa (Sarakuna na Biyu 18:4). In abin tunawa na gaske ya kan kai ga haka, ina ga na ƙage?

A ƙarƙashin ƙasa, bayan ganuwar Roma, akwai dogayen hanyoyi da aka haƙa cikin dutse mai taushi, cike da kaburburan masu bi na ƙarnukan fari. An daɗe ana cewa a ciki su ke zaune a ɓoye lokacin tsanani. Maƙabartu ne, hukuma ta san da su; a ɗaya daga cikinsu ne ma aka kama Sikstus, shugaban ikkilisiyar Roma, tare da dikinoninsa, aka kashe su a watan Agusta na shekara ta 258. A bangayen an zana makiyayi ɗauke da tunkiya, da Yunana, da kifi, da sunayen bayi da yara. A tudun Falatin kuma, a 1857, aka tono wani zane da wani ya karta a bango wajen shekara ta 200 domin ba'a: mutum a kan giciye da kan jaki, wani yana tsaye a gefe ya ɗaga hannu, an rubuta da Helenanci mai kurakurai cewa Aleksamenos yana yi wa allahnsa sujada. Yana cikin zane-zanen giciyen Almasihu mafi tsufa da aka samu, maƙiyi ne kuwa ya yi shi. A karanta Korintiyawa ta Fari 1:18-25 tare da wannan, sa'an nan kafin taro mai zuwa kowa ya karanta Romawa sura 16 da murya, ya rubuta sunayen mutanen ikkilisiyar Roma da Bulus ya gaisar, da abin da ya faɗa a kan ko wannensu.